Farcen Roba a Ɗakin Jego

Assalamu alaikum mata 'yan uwana, har da mazan da suka leƙo. Sunana Sadiya, a Ikara nake aure, gidanmu kuma Kudan. Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Gidan biki, gidan suna, layin awon yara, duk wadda na miƙa wa hannu sai ta riƙe ta juya shi, "Subhanallahi, me ya sami yatsan nan?" In faɗa yau, gobe wata ta sake tambaya. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, da babban yatsa nake dannawa a waya, mai son ji ta karanta ta ƙyale ni in huta.

Kitso ne sana'ata tun ina budurwa. Da shi na yi kayan ɗakina, da shi nake rufa wa kaina asiri a gidan miji. Wadda ba ta kitso ba za ta gane ba, amma manuniyar hannun dama, wato yatsan da ke bin babban yatsa, ita ce ke ɗauko gashi ta miƙa wa sauran. Ita ce ta yi ciwon.

Haihuwar fari ce, don haka da cikina ya tsufa aka maido ni gida Kudan wurin Inna, mahaifiyata. Aiki na ƙarshe da na yi da yatsu goma lafiyayyu shi ne kan Inna. Ina zaune a kan turmi da ciki har wuya, ita tana ƙasa tsakanin ƙafafuna, na yi mata ƙananan kitso masu siririyar tsaga irin wanda take so. Shekara da shekaru ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ni. Tana ta mita wai ina ja, ina ce mata tsufa ne ya sa fatar ta yi laushi. Bayan 'yan kwanaki na sauka lafiya, mace.

Kada wata ta ce gayu ne ya kai ni. Hannun mai kitso ba ya ajiye farce: gashi ya tsinke shi, man kitso ya shige ƙarƙashinsa, ga wanke-wanke, ga surfe. Ga kuma alwala. Farcen roba ba ya barin ruwa ya taɓa farcen da Allah ya halitta, shi ya sa matanmu masu sha'awarsa ba sa sawa sai a kwanakin da ba sa sallah, su cire kafin wankan tsarki. Ni ko a kwanakin nan kitso ba ya ba ni hutu. Jego ne kaɗai lokacin da ba sallah, ba kitso, ba daka, har zuwa arba'in. Sau ɗaya a rayuwata na so in kalli hannuna in ga ya yi kyau, shi ke nan laifin.

Ana gobe suna Rifkatu ta zo barka. Ƙawata ce, 'yar kudancin Kaduna, tana da shagon gyaran gashi da farce a Ikara, muna tura wa juna mata. Ta sauka daga mota da jakar aikinta, ta ce ita ba ta da atamfar da za ta ba ni, hannuna za ta gyara. Da safen nan an riga an ƙunsa min lalle, kan yatsun nan sun yi jawur har da duhu-duhu. Ta baje farata a kan tabarma kala-kala.

"Sadiya, ɗauki gajere. Mai jariri ce ke."

Na ce, "Gajere ai da shi aka haife ni. Ba ni wancan."

Dogo na zaɓa, kalar jar albasa. Ta goge nawa, ta ɗiga gam ɗinta, ta liƙa ɗaya bayan ɗaya tana faɗa min: kada ya wuce sati biyu, in riƙa tsane hannu bayan wanka, in ɗaya ya ɗaga kada in fizge kada kuma in liƙe, in kira ta. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa kowa. Inna ta leƙo ta kalla ta ce, "Yanzu da wannan ƙaho za ki ci tuwo?" Ranar suna kuwa hannun nan ya sha hoto fiye da jaririyar.

Wadda ta san wankan jego ta san ba wanka ba ne na wasa. Safe da yamma Inna ke tafasa tukunya da ganyen darbejiya, ta riƙa fyaɗa min ruwan ina ihu tana cewa in tsaya. Hannu kullum a jiƙe, farcen ya fara sakin jiki daga gindi. Wata safiya na fito daga wanka zan ɗaura zani, na manuniya ya maƙale a bakin zanin, na ja ban lura ba. Ya ɗago, ya taho da rabin nawa na ainihi. Jini ya ɗan fito. A ranar kuma dangin maigidan suna kan hanya daga Ikara za su zo ganin jaririya. Ga sufa gulu a taga, wanda Baba ke liƙa takalmi da shi. Na ɗiga a kan ciwon, na danne, ya yi min wani zafi har cikin haƙori, ya kama ram. Baƙi suka zo suka yaba hannu suka tafi.

Daga nan zogi ya fara. Ba zafi ba ne irin na yanka, bugawa yake yi daga ciki, in na sauke hannun ƙasa sai in ji kamar zai fashe. Zazzaɓi ya biyo baya. Inna ta ce na jego ne, kowa na yi, ta ƙara min kunun kanwa da gasasshen nama. Ni ma na yarda, don duk jikina ciwo yake, ban san wanda zan fara kuka da shi ba. Da hannu ɗaya nake ba yarinya nono, ɗayan yana ɗage sama.

Sati na biyu yatsan ya kumbura ya cika, farcen roban ya nutse cikin nama. Nan masu magani suka fito, kowa da nasa. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, gidanta na bayan namu, kallo ɗaya ta yi masa ta ce karkare ne, ciwon yatsan nan da ke tara ruwa. Ta ce karkare ba ya son allura, in aka kai shi asibiti yankewa suke yi. Ta huda lemun tsami ta zura min yatsan a ciki, na wuni da shi. Maigidan ya zo daga Ikara da kafso ja da rawaya da wani mai kemis ya ba shi, wai in sha biyu a fasa ɗaya a barbaɗa. Wata maƙwabciya ta ce man birki ne maganinsa. Nan ne Inna ta ce, "A'a, 'yata ba mota ba ce." Wannan kaɗai na tsira daga gare shi.

Da kumburin ya fara haurawa, Gwaggo ta kwaɓa lalle da kanwa ta lafta min, ta ce lalle na jan zafi. Sannan ta tsinko zaren ɗinki ta ninka, ta ɗaure tsakiyar yatsan tamau, wai don kada dafin ya haura hannu. Ta naɗe da tsumma. Kullum sai ta zo ta kwance tsumman ta sake sabon lalle, zaren kuwa ba a taɓa shi. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi, har girkinta take bari ta zo.

A sati na uku zogin ya tsaya cak. Na yi barcin da na manta yadda yake. Gidan ya cika da hamdala, Gwaggo na yawo tana ba da labarin maganinta. Kan yatsan ya yi baƙi ƙirin, amma wa zai damu? Yatsan da ya sha lalle kullum ai dole ya fi 'yan uwansa duhu. Inna ta duba ta ce, "Lalle ya kama." Kowa ya duba haka ya ce. Ni da ciwon ke jikina haka na ce.

Rifkatu ta buga waya ta ce sati biyun da ta ba ni sun wuce. Na ce mata lafiya lau, ta bari sai arba'in. Ba ta bari ba, ranar Lahadi bayan ta taso daga coci sai ga ta. Ta jiƙa auduga da ruwan cire farce, ta ɗora a kowane yatsa ta naɗe, muka zauna muna hira har gam ɗin ya narke, ta riƙa turo su a hankali da ɗan tsinke. Tara suka fita ba ko zafi. Ashe haka ake cire shi, da haƙuri da jira. Ta zo kan na goma ta kwance tsumman Gwaggo, sai na ga ta kau da kai. Ni na saba da warin, na ɗauka na kanwa ne.

"Kina jin wannan?"

Na ce, "Me?"

Ashe matsa kan yatsan take yi da ƙarfinta. Ta miƙe ta sami Inna a madafa. Ina jin ta tana cewa, "Mama, ni ba likita ba ce, amma wannan ba zan taɓa shi ba. Don Allah a kai ta asibiti." Gwaggo ta shigo ta tarar da zancen, ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iska za ta shige ta, kuma ciwo ya riga ya lafa. Inna ta baro madafa. Ta zo ta ɗaga hannuna ta kai hanci, ta daɗe. Sai ta ce in nemi mayafina, kuma a kira maigidan a waya.

Asibitin Makarfi muka nufa. Motar da muka samu rake ne a sama, kwandunan tumatir a baya, mu a matse a tsakiya, Inna da jaririya a cinya, ni da hannu a sama. A asibiti layin kati daban, layin ganin likita daban, benci ya cika, muka zauna a ƙasa. Yarinya na kuka, nono na zuba, zazzaɓi na kaɗa ni. Da aka zo kaina wata nas ta kwance tsumman ta ja tsaki a gaban mutane. "Haka kuke, sai ya ruɓe ku kawo mana. Har da farce, hajiyar gayu!" Na ji kunya har na manta da ciwon. Wannan nas ɗin dai ita ce daga baya take kawo wa Inna ruwan zafi a fulas daga gidanta. Har yau ban san ko in yi mata addu'a ko in yi fushi da ita ba, sai nake yin duka biyun.

Likitan saurayi ne, ba shi da yawan magana. Ya wanke lallen da wani ruwa, jan ya ɗan kau daga gindin yatsan, baƙin saman bai motsa ba. Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, lalle ne ya kama." Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Mama, wannan baƙin ba na lalle ba ne. Naman ya mutu." Maganar nan ta zauna min a kunne har gobe. Ya nemi zaren, da ƙyar ya same shi don ya nutse cikin kumburi. Ya tambayi wa ya ɗaura. Inna ta ce, "Mu ne." Ba ta ambaci Gwaggo ba.

Ya yi min allura a gindin yatsan ya cire farcen. Ya fito da nawa a manne, da ruwan ciwo mai yawa. Ya ce gam ɗin ya rufe ƙazanta a cikin rauni, jiƙa kullum ta ba ta wurin zama, zaren kuma ya hana jini isa sama. Tsayawar zogin da muka yi wa murna, ashe mutuwar wurin ce. Na ce, "Likita, kitso nake yi. Da wannan yatsan nake ɗauko gashi." Ya ce, "Zan bar miki duk abin da zai baru." Aka ba ni gado.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo da ke sa ni cizon mayafi, ana jira a ga inda mai rai ya tsaya. Rabin magungunan sai an fita waje an sayo. Maigidan na zirga-zirga a babur tsakanin Ikara da Makarfi har ya rame, masarar da muka ajiye don damina ta tafi buhu bayan buhu. Bai taɓa faɗa min magana ba, Allah ya saka masa. 'Yan uwansa ne suka faɗa a madadinsa. Wata ta zo dubiya da lemo, tana ajiyewa ta ce, "Duk wannan a kan farce?" Na rufe ido na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Inna ce ta ɗauki kayan. Matar da ke kukan gwiwa, ita ce ke kwana a tabarma a baranda da jaririya, don an ce kada a ajiye ta a ɗakin masu ciwo. In ta yi kuka ta kawo min in ba ta nono ta mayar. Ta wanke tsummokara, ta sayi ruwa, ta hura wuta a bayan katanga ta dama min kunu. Ɗankwalinta ɗaya ne a kai tun daga ranar da muka zo, ban taɓa ganin ta cire ba. Mita kuwa ba ta fasa ba: ban ci ba, ban sha ba, na zaɓi ƙaho an ce in ɗauki gajere. Wata rana na ce, "Inna, na gaji." Ta ce, "Kowa ma ya gaji. Buɗe baki."

Ba a iya ceto shi ba. Rabin yatsan aka cire. Arba'in ɗin da na yi wa ado a gadon asibiti ta same ni. Aka ɗaure hannun da leda, Inna ta zuba min ruwan wankan tsarki. Na zauna sallar farko, na zo tahiya zan ɗaga manuniya, sai dunƙulen bandeji ya ɗago. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar yankan.

Bayan sallama daga asibiti sai zuwa wankin ciwo, Kudan zuwa Makarfi, Makarfi zuwa Kudan, har na haddace ramukan hanyar. Gwaggo Lami ta zo da kaza, ta zauna bakin ƙofa tana share ido da gefen zani. Ban riƙe ta ba. Ita ma haka aka yi mata, haka ta yi wa 'ya'yanta. Rifkatu kuma ta riƙa cewa da ta sani da atamfar ta kawo, na ce mata tara da ta cire lafiyarsu lau.

Ga abin da nake roƙonku, ni da na biya kuɗin karatun da jikina. Ban ce kada ku sa farce ba, ba ni da bakin wa'azi. Amma mai wankan jego ta haƙura da shi, ruwa ya fi ƙarfinsa. In ya ɗaga, gam ɗin takalmi na takalmi ne, ku koma wurin wadda ta sa ta cire da ruwanta. Kada ku yarda a ɗaure muku yatsa da zare ko da wa ya ce. Ciwo kuma kada a rufe shi da lalle, don lalle na ɓoye launin fata, ido ba zai ga abin da ke faruwa ba. In ciwon da ke hana barci ya tsaya farat ɗaya alhali kumburi na nan, ba sauƙi ba ne, ku tashi.

Na koma Ikara da goyo da rabin yatsa. Matan da nake wa kitso sun watse, ban ga laifinsu ba, kai ba ya jira. Na gwada a kan zaren ulu da na ɗaura a ƙafar gado. In na kai hannu zan ɗauko, sai in ɗauko iska, don hannun bai san yatsan ya gajarta ba. Bakin dungun kuma ko zare ya taɓa sai ya ja ni har kafaɗa. Na gwada na gwada, na tattara kibiyar tsaga da matsefi da kwalbar mai na jefa ƙarƙashin gado. Na ce wa maigidan ya nemo min ko ƙuli-ƙuli ne in riƙa sarowa, kitso kam na gama.

Bayan an gama girbi sai ga Inna ba sanarwa, da ƙullin kuka da daddawa. Ta sha ruwa, ta ɗauki jikarta ta yi mata wasa, ta ajiye. Sai ta jawo tabarma ta zauna a ƙasa gaban kujerata ta ba ni baya, ta zame ɗankwali.

Kitson nan ne. Wanda na yi mata da ciki har wuya. Ya dunƙule ya cukurkuɗe, furfura ta tsiro ta binne tsagar, wani wurin ba a gane kitso ne sai an taɓa.

"Inna! Wata nawa ke nan?"

"Ban ƙirga ba. Tsefe."

"Duk Kudan ba mai kitso?"

"Akwai. Kan ne bai saba da su ba."

Na ce mata ba zan iya ba, na nuna mata hannun kamar ba ita ta yi jinyarsa ba. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ban ce ki iya ba. Cewa na yi ki yi."

Na durƙusa na jawo kayan daga ƙarƙashin gado. Tsifar kaɗai ta ci hantsi, gashi na zuba a cinyata, hawaye na zuba a kan gashin. Na wanke mata, na shafa mai, na ja tsaga. Gashin ya suɓuce, na sake. Ya suɓuce, na sake. Can yatsan tsakiya ya fara shiga inda manuniya take shiga, a karkace, a makare, amma yana ɗaukowa. Na san ina ja, don ina ganin fatar na tashi. Matar da ta saba yi min mita a kan ja, ranar ko uffan ba ta ce ba. Kitson da nake gamawa kafin tuwo ya nuna, sai la'asar na ɗaure na ƙarshe.

Ta ɗaga hannu ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsunta. Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta saɓa ɗankwalin a kafaɗa maimakon ta ɗaura, ta nufi tsakar gida inda matan gidan ke zaune suna tsintar shinkafa. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Na hagun nan ya karkace," in ji ta. "In wata ya kama zan dawo ki gyara."